Rasuwar Josette, Filifar Gidan Kofin Fernand

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, ni Fernand Delcroix, mai gidan kofin kwanar kasuwa a Roubaix, nake sanar da rasuwar Josette, filifarmu, na'urar wasan ƙwallon ƙarfen nan da ta shekara talatin da ɗaya a jikin bangon hagu.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ma'aikatan masaƙa su jefa mata tsaba, su yi ta dukan maɓallanta ido rufe, ƙwallo ya zurare, su zage ta tas, ita kuwa sai "tilin-tilin" kamar an yi mata kyauta. Allonta na gwanaye sunaye huɗu kacal yake ɗauka, kuma a can sama ta riƙe mini haruffa uku: ODI. Matata Odile ce ta kafa su wata Lahadi, tana ta dariya, ba ta ma san yadda aka yi ba. Shekara tara ke nan da binne Odile, kuma kullum da safe sai na kunna Josette na gaishe su.

Ciwon ajalin, ni na buɗe masa ƙofa. 'Yan gasa suka zo daga Lille neman wurin karawa, ni kuma uban son a sani, na ce su shigo. Suka ɗaga mata ƙafafun baya, suka goge cikinta da man sheƙi. Su waɗannan ba sa duka, ba sa dariya. Mutum ya tare ƙwallo a hannunta, 'yar sandar nan mai bugun ƙwallo, ya tsaya, ya auna, ya harba, ya zungure ta da ƙugu. Kafin la'asar Odile ta sauko ta biyu, ta uku, ta huɗu. Na ce wa na ƙarshensu, "Ɗan samari, don Allah bar ƙwallon nan ya faɗi." Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Haba Baba, gasa ce fa."

Sunan ya fita. Jim kaɗan hannunta na dama ya ƙage, ta yi "gurrr", ƙauri ya tashi, fitilunta suka mutu. Mai gyara ya duba, ya cire hularsa.

Ta rasu ta bar Marcel mai raba wasiƙu, wanda bai taɓa cin ta ba, da tsohuwa Ginette abokiyar cinikinmu, da ramin ƙafafunta huɗu a daɓe.

Za a fitar da ita ranar Asabar, ƙarfe goma na safe, motar 'yan gwangwan na jira a bakin ƙofa. Ana neman ƙarti huɗu masu ɗauka. 'Yan gasa in sun zo, hannu a aljihu, kada su taɓa ta. Ni kam a yafe mini, ba zan fito ba. Na raka Odile maƙabarta sau ɗaya, ba zan iya na biyu ba.