Rasuwar 'Yar Madawa, Motar Alhaji Kailu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki ɗaci, ni Fatihu, autan Alhaji Kailu mai albasa na Saint-Michel a Adjamé, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa jingina da ita yana cin garba (dambun rogo da kifi), rasuwar motarmu Fijo 404 mai buɗaɗɗen baya, wadda aka fi sani da 'Yar Madawa. Ta rasu ranar Laraba a tsakar gidanmu, a kan bulo, inda ta yi jinya tun ina makarantar firamare. Ni na sa hannu aka sayar da ita. Kada a je neman wani.

Marigayiyar ta girme ni, ta girmi yayana Shamsuddin. Ita ta sauko da Baba daga Madawa zuwa Abidjan yana saurayi, da buhunan albasa a bayanta da tabarma ɗaya. Ta yi shekaru tana saukowa da albasa tana hawa da goro. Daga bayanta aka sami shago a kasuwar Adjamé, daga bayanta aka yi ɗakunan da muke kwana a ciki. An ce mai haƙuri ce, ba ta taɓa kwana a daji ba, kuma idan ta tashi da safe takan ce kir-kir-kir sau biyu kafin ta amsa da ruuum. Haka aka ce. Ni ban tuna na taɓa jin injinta ba. Na gaji labarinsa ne kawai, da ƙarafunansa a cikin bokitai.

Muryarta ɗaya na sani, ita ce oda. Faaam-fam. Doguwa, sai gajera.

Ciwon ajalinta ya fara ne a shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, idonsa kuma ya tafi. Aka kwantar da shi a ɗakin da tagarsa ke kallon tsakar gida, aka ɗora ta a kan bulo a ƙarƙashin tagar. Baba ya ce ba a Abidjan za a binne shi ba, kusa da uwarsa zai kwanta a Madawa, kuma ba zai shiga motar haya a ajiye shi kamar kaya ba. A cikin wadda ta kawo shi zai koma. Likita a Treichville ya gaya mana a waje cewa jikin nan ba zai kai ko Yamoussoukro ba, balle Madawa. Kowa a gidan ya ji. Babu wanda ya shiga ya faɗa. Aka ce masa ana gyaran motar.

Da na gama sakandare ya kira ni, ya laluba hannuna, ya sa mini makulli da takardunta. Abokaina suka watse, wasu jami'a, wasu aikin tashar jiragen ruwa. Ni na shiga ƙarƙashin mota.

An yi mata magani gwargwadon hali. Na goge tsatsa har yatsuna suka daina buɗe wayata. Na fenta ƙofa ɗaya da shuɗi, kafin in kai ta biyu iskar lagin, tafkin ruwan gishirin da ya ratsa garin, ta cinye ta farko. Na zaga masu tsofaffin kayan mota, suna kallona kamar mai neman haƙorin kakarsa. Kafireta na sa a bokiti na hau jirgin lagin na kai wa Sadi makanike a Treichville, ya ce in dawo mako mai zuwa. Ɗan da aka haifa masa a wancan makon yanzu yana zuwa makaranta da jaka.

Abu ɗaya ne bai mutu a jikinta ba. Kullum da safe nakan haɗa waya da batir in danna. Faaam-fam. Sai Baba ya karɓi kokonsa ya sha. Ranar da batir ya mutu ban danna ba, ya juya fuska bango, kwanon ya huce a gefensa har la'asar. Tun daga ranar gidan ya gane amfanina. Ba a ƙara tambayata yaushe zan nemi aiki ba. Ana tambayata ko na caja batir.

Direba ne Baba. A duk shekarun nan bai taɓa cewa in tayar da injin ya ji ba. Ban san abin da ya sani ba, ban kuma tambaya ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar magada da yawa, kuma yawancinsu sun ci gadonsu tun tana da rai. Ta bar tayoyi huɗu, suna nan lafiya a ƙarƙashin amalanken da ke kai wa Shamsuddin kaya kasuwa. Ta bar kujerar gaba, tana ƙofar shagonsa, a kanta yake karɓar baƙi yana ba su labarin wahalar da mahaifinmu ya sha. Ta bar Adawiyya matar Shamsuddin, wadda za ta nemi wani wurin shanya zannuwa, Allah Ya ba ta haƙurin rashi. Ta bar kaza mai kwanci a inda ake taka birki, da ɓeraye jikoki da tattaɓa kunne. Ta bar Sadi da kafireta. Ta bar tsoho ɗaya a bayan taga.

Ta bar ni ma, amma ni ba na cikin masu rabon gado. Ina cikin kayan da aka bari.

Game da yadda ta cika, ga gaskiyar magana, don na ji ana juya ta a masallaci. Shamsuddin ya daɗe yana auna wurin da take da ido. Albasa na ruɓewa a kasuwa, yana son rumfa a gida. Bai taɓa cewa a sayar ba, mutumin kirki ne. Yakan ce dai wuri ya yi ƙunci, ya kalle ta, ya kalle ni, ya ce wa baƙinsa ga shofer ɗinmu nan, mai tuƙa bulo. Ɗakin Baba kuwa, a bakin ƙofa yake tsayawa ya yi gaisuwa, wai warin magani na tayar masa da zuciya.

Ranar Laraba ina kwance a ƙarƙashinta na dafa ƙarfen da ke riƙe da ita, hannuna ya wuce ta ciki kamar biskit. Garin tsatsa ya zubo mini a ido. Na fito, na wanke fuska, na kira Imrana mai sayen ƙarfe. Bai ko zagaya ta ba. Ya buga ta da ƙafa ya ce za a sami murhun gawayi masu kyau a ƙofofin.

Da Shamsuddin ya ji, ya rungume ni, abin da bai taɓa yi ba. Sannan ya ja ni gefe.

“Ƙane, ka cire odar kafin su zo. Mu rataye ta a ƙusa ƙarƙashin taga, da batir ɗinta. Ka ci gaba da dannawa da safe, tsoho ba zai gane ba.”

Na ce na sayar da ita da muryarta.

“To wa zai sa shi ya ci abinci?”

Na ce babban ɗa.

Jana'iza za ta kasance kamar haka. Na tambayi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, don haka kowa ya zo yadda yake. Ranar Asabar da hantsi, lokacin da ake kai wa Baba koko, motar Imrana za ta zo ta ja gawar. An ara mata tayoyi na yini ɗaya, tunda nata suna wurin aiki. An roƙe ni in rufe tagar in ƙure rediyo. Tagar za ta kasance a buɗe.

Ni zan zauna a mazaunin direba, a kan bokiti. Zan danna oda a tsakar gida. Zan danna a ƙofa, zan danna a bakin titi, zan yi ta dannawa har mu sha kwana wajen kasuwa. Shekaru yana jin muryarta a wuri ɗaya. Ranar Asabar zai ji ta tana tafiya, tana ƙanƙancewa, ba tare da shi ba.

Daga makabartar ƙarfe ba zan dawo gida ba. Na sami wurin kwana a Treichville, kusa da tashar jirgin lagin. Kada a kawo mini yako, ta'aziyyar mutanen nan, ban iya amsawa ba.

Za a karɓi gaisuwa a gidanmu na Saint-Michel, a filin da ta bari, kafin a jera buhuna. Mai karɓar gaisuwa Shamsuddin ne. Za a same shi a ƙofar ɗakin Baba da kwanon koko a hannu. Duk wanda ya zo, ya taimaka ya tura shi ciki.