Rasuwar Wayar da Ba Ta Iya Shan Ruwa Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da fushin da ba shi da niyyar hucewa, Malam Matta, tsohon malamin makaranta a Nasarawan Doya, yana sanar da dangi, da 'yan ikilisiya, har da masu zuwa gaisuwa don su ga ko an ɗora tukunya, rasuwar wayarsa. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara shida a aljihunsa.

Marigayiyar ba kyakkyawa ba ce. Fuskarta a tsage take tun bara, roba ce kuma ke riƙe da bayanta. Amma takan riƙe caji kwana biyu, ba ta kuma taɓa buɗe baki ana tsakiyar wa'azi ba, halin da wasu dattawa har yau ba su koya ba. A cikinta ne kaɗai aka ajiye saƙonnin murya goma sha ɗaya da matarsa Angelina ta aiko masa daga gadon asibiti a Zariya, kafin Ubangiji ya kira ta. Kowace safiya wayar kan ce masa, "Baban Loveth, ka sha maganinka? Kar ka ce mini eh, na san halinka." Wani lokaci kuma, "Ajiye littafin nan ka ba kaji ruwa. Karatu ba zai gudu ba."

Ajali ya shigo ta hannun Felix, ƙanen Angelina, magidanci mai shekara talatin da huɗu da 'ya'ya biyu, wanda ya ari marigayiya domin tasa wayar ba ta ɗaukar wasan dodanni. Malam Matta ba ya tsanar abu sai ya fahimce shi, don haka bayan rasuwar ya zaunar da Felix ya yi masa bayanin wasan dalla-dalla.

Ga yadda yake. Kowa yana kiwon dodanninsa, a haɗa su faɗa, wannan ya watsa wuta, wancan ya feso ruwa. Felix yana da wani mai kama da kwaɗo, wanda baiwarsa shan ruwa ce. In abokin gaba ya feso masa ruwa, ko ƙwarzane ba ya yi, sai ma ya shanye, kashi ɗaya cikin huɗu na ransa ya dawo. In kuwa ransa a cike yake, ruwan ya tafi a banza. Dabarar ita ce ka ɓoye shi, sai ka hango za a feso ruwa, ka janye na fili ka tura shi. Baiwar ba ta kare shi daga wuta ko tsawa. An so a ce Felix ya riƙe wannan sashe na darasin.

Ranar Litinin yana bakin kwatar ban-ruwa a gonar rake, inda aka tura shi ya kula da inji. Dabararsa ta ci, kwaɗo ya sha ya ƙoshi, Felix ya daka tsalle, waya ta yi nutso. Ya tsamo ta da sauran numfashi. Maimakon ya kashe ta ya bar ta ta huta, sai ya kunna ta har sau uku, don ya ga ko nasararsa tana nan. Daga nan ya kai ta wurin Halliru mai mazarƙwaila, ya jingina ta a gefen murhun da ake dafa ruwan rake, wai ta bushe kamar jiƙaƙƙen takalmi. Ta bushe kuwa. Washegari mai gyara a Makarfi ya buɗe cikinta, ya sunsuna, ya mayar da murfin ya miƙo ta. Da aka tambayi Felix, amsarsa ita ce, "Yaya, wallahi ina gab da gamawa ne."

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaure da zare, da layin da babu mai kiransa sai 'yarsa Loveth daga Kaduna, da wani tsoho mai shekara sittin da takwas da ya karanta littattafai da yawa amma bai taɓa tunanin kwafe saƙo goma sha ɗaya a wani wuri ba. Wannan laifin nasa ne, ya sani, ba ya bukatar a tuna masa. Kwaɗon kuwa an ce yana cikin ƙoshin lafiya, yana jiran wata wayar.

Za a binne ta ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a bayan gida, gindin gwaiba, cikin gwangwanin madara. Fasto ya nemi a ɗauke masa zuwa, an ɗauke masa. Ba za a dafa komai ba. Kada kowa ya kawo sabuwar waya, kada kuma a ce masa ai abin duniya ne.

Abu ɗaya ake roƙo. Duk wanda Angelina ta taɓa aika wa saƙon murya, ko na cinikin manja ne, ya zo da wayarsa a cike da caji. An samu labarin cewa Felix yana da guda uku, dukansu faɗa take masa. Saboda su za a bar shi ya shigo. Ba za a ba shi kujera ba. Zai kunna su ɗaya bayan ɗaya, in sun ƙare ya sake daga farko, har sai Malam Matta ya ce ya isa.