Karayar da Maɗori Bai Iya Ɗorawa

Ba za ni taɓa mantawa da Asabar ɗin da ƙarti biyu suka danne ni a kan tabarma za a ja mini ƙafar da lafiyarta lau ba. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai sai in ji zufa ta karyo mini, ko da ina cikin sahun salla ne. Amma bari in faro daga farko, don kada ku ɗauka ba ni da hankali. (Ina da shi, ina jin. Aƙalla takardar digirina ta nuna haka.)

Bayan na gama bautar ƙasa na samu aikin kwantiragi a Sakkwato, da wata ƙungiya mai rabon kayan agaji. Albashin yana da ɗan kauri. Bankin da ake biyanmu ta cikinsa ya ba ni wani kati, ba irin wanda kowa ya sani na cirar kuɗinka ba. Shi wannan kuɗin banki kake kashewa, ka biya a ƙarshen wata, in ka yi latti su ɗora ruwa. Na karanta sharuɗɗan sau biyu, har da ja layi da jan biro. Na kuma yi wa kaina alkawari ba za ni taɓa shi ba sai ta ɓaci.

Ta kuwa ɓaci. A damanar da 'yan bindiga suka tayar da mutanenmu daga Gatawa, Inna da yayana Lawali da iyalinsa suka iso Sabon Birni da abin da hannu ya iya ɗauka. Da katin nan na kama musu ɗakuna, na sayi katifu da tukwane da hatsi. Wannan ba na jin kunyarsa, ko gobe za ni sake. Abin kunyar shi ne abin da ya biyo baya. Da zarar dangi sun sa maka sunan mai hali, sai ka ji ba ka son a cire maka shi. Na ɗinka shadda. Na canza waya. Na sayi sabon babur. Duk bikin da aka yi ko suna, gudummawata ce ake faɗa da ƙarfi. Inna kuma duk wata sai na aika mata da na cefane, tana sa mini albarka, ni ina cewa ai ba komai.

Sai kwantiragi ya ƙare. Na samu koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a Isa, albashin da bai kai ruwan da ke hawa kan katin ba. Na ci bashi a manhajar waya don in biya katin. Na ci a wata manhajar don in biya ta farko. (Na karanci lissafi a jami'a, in kuna son sani.) Wayata ta koma abin tsoro. In ta yi ƙara gabana ya faɗi, in ta yi shiru in ce shiri suke yi mini.

A cikin bincike-binciken da nake yi a waya na ci karo da maganar karayar arziki, wato mutum ya kai kansa kotu ya ce ya gaza, a yi masa hukunci, masu binsa su daina farautarsa. Na kira abokina Nasiru, lauya ne a Sakkwato, na ce masa wani abokin aikina ne ke tambaya.

Ya ce, "Ka gaya wa abokin aikin naka, mai murya irin taka, dokar tana nan. Amma ba wasa ba ce. Za ka bayyana duk abin da ka mallaka, a iya sayarwa a raba wa masu binka. Sunanka kuma zai daɗe bai wanku ba. Me kake da shi?"

Na ce babur, da waya, da kasona a gonar gado a Gatawa.

"To har da shi za ka faɗa."

A nan matsalar take. Gonar nan ba a raba ta ba tun rasuwar Baba. Lawali ne ke nomanta, har yanzu in an samu lafawa yakan lallaɓa ya je ya shuka gero ya dawo. Ita ce kaɗai abin da ya rage mana mai sunan Baba a kai. In na je kotu, wataƙila in samu barci, amma in jawo baƙi su zo da igiyar awo cikin gonar. In ban je ba, ruwa na ci gaba da hawa, masu manhaja kuma sun fara barazanar tura saƙo ga duk lambar da ke cikin wayata. Na yi ta juya abin har na rame. A ƙarshe na ga ko me za ni yi, dole Lawali ya sani.

Yanzu ga lalurata: ban iya faɗin magana kai tsaye ba. Ko ruwa aka tambaye ni ina so, sai na ce wataƙila, in babu damuwa. Ran Juma'a da la'asar na kira Lawali. Na gaishe shi, na tambayi Inna, na tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, na tambayi farashin gero. Sabis yana ta yankewa yana dawowa, kamar yadda ya saba a wajenmu.

Ya ce, "Kai, hwaɗi abin da ka kira ka hwaɗi, ina bakin kasuwa."

Na ce, "Yaya, ka san babur ɗin nan da na saya? To, shi ne dai, ban so Inna ta ji ba, amma ina ganin kamar dai, a gaskiya, na karye."

Na ji ya ce "Innalillahi," sai layin ya mutu.

Mutumin kirki zai sake kira. Ni kuwa sai na ji wani sanyi, na ce ai na faɗa, na sauke nauyi. Na kashe wayar gaba ɗaya don kada masu bashi su same ni. Ban tsaya na yi tunani ba cewa a wajenmu ɗan kasuwa ne ke karyewa a aljihu. Malamin makaranta mai sabon babur in ya ce ya karye, kowa ƙafarsa zai duba.

Washegari da hantsi ina kwance a tabarma na lulluɓa da zane, kaina na sarawa don rashin barci, sai na ji sallama. Kafin in tashi an ɗaga labule. Inna ce a gaba, idanunta sun kumbura, ta rungumo kaza a hammata. Bayanta Lawali. Bayansa wani dattijo mai ɗaurin rawani, riƙe da damin karare da tsummoki da ƙwaryar man shanu. Maƙwabcina Ɗanjuma ya biyo su yana ta sannu, don a ƙofar gida aka ba shi labari.

Inna ta ce, "Kada ka motsa, ɗan nan. Kada ka motsa." Ta durƙusa ta dafa goshina. "Tun jiya ban runtsa ba. Ga Baba Illo nan, maɗori na, daga Kurawa munka sa anka ɗauko shi."

Duk wanda ya san hanyar Sabon Birni zuwa Isa a shekarun nan ya san ba a hawanta don nishaɗi, saboda 'yan bindiga. Matar nan ta hau ta da sassafe, da kazarta ta ƙarshe da ta taso da ita daga Gatawa, don ita ce ladan maɗori. Na dube ta, na dubi kazar, sai gaskiyar da na shirya faɗa ta koma ciki.

Baba Illo ya zauna ya naɗe hannun riga. "Wace ƙahwa ta?"

Ga damata ta zo. Kalma uku sun isa. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ta hagu, wataƙila."

(Na sani. Ba sai kun faɗa ba.)

Ya yaye zanen ya fara latsawa daga idon sawu zuwa gwiwa. Ya ɗago ya dube ni. "Babu kumburi."

Na ce, "Daga ciki ne."

Ya danna bayan gwiwa da babban yatsa, na ce "ash," don tsakani da Allah da zafi, yatsan mutumin nan kamar turmi. Ya gyaɗa kai. "Ba karaya ba ta, gocewa ta. Ja ɗaya za mu yi ta koma. Ku riƙe mani shi."

Lawali ya danne kafaɗuna. Ɗanjuma ya hau kan ƙafar dama. Inna ta juya baya tana salati. Ni kuma a kwance ina lissafi, wallahi lissafi nake yi: in na daure aka ja, aka ɗaure ni da karare, za ni samu kamar wata guda ina jinya ba wanda zai tambaye ni komai. Har na fara ganin dabarar ba ta da laifi. Sai na ji Baba Illo ya kafa diddigensa a cinyata, ya kama sawuna da hannu biyu, ya ce bismillah.

Ban san lokacin da na watsar da ƙartin nan biyu ba. Na dai ga kaina tsaye a tsakar ɗaki, a kan ƙafafuna biyu, daga ni sai gajeren wando.

Inna ta juyo ta ɗaga hannu sama. "Allahu akbar. Baba Illo, ko ja ba ka yi ba."

Dattijon ya ce, "Ni dai ban yi komi ba tukuna."

Na ce, "Inna, ba ƙashi ba ne. Aljihu ne. Bashi ne ya yi mini yawa."

Ɗanjuma ya tuna ya bar shayi a wuta, ya fita. (Kafin azahar duk layinmu sun ji.) Na jawo zane na ɗaura, na zauna na faɗi komai, katin da manhajojin da ruwan da ke hawa da maganar kotu. Wannan karon babu wataƙila ko ɗaya. Ashe in mutum ya riga ya tsaya da gajeren wando a gaban uwarsa, sauran magana ba ta da wuya.

Na zaci Lawali zai mare ni. Sai ya fara dariya, irin wadda ba sauti, kafaɗu kawai ke rawa, har ya share hawaye. Da na kai kan gona ne dariyar ta tsaya.

Ya ce, "Wace gona? Ta Baba? Mu da 'yan bindiga ba su raba mu da ita ba, kai za ka kai ta kotu da hannunka?"

Na ce ban yanke ba tukuna, shawara nake nema.

"To ga shawara. Babur ɗin ga da wayar ga, gobe kasuwa. Ina da gero ajiye, a biya 'yan wayar nan masu zagi, a huta da su. Bankin kuma ka tahi da ƙahwarka, tunda lahiyarta lau, ka zamna da su ka ce ga abin da kake iyawa duk wata. In sun ƙi, sannan mu yi maganar kotu, mu duka, ba kai ɗaya cikin ɗaki ba."

Sai Inna ta sa baki. Ba ta kalle ni ba da ta yi magana.

"Kenan kuɗin cehwanen da kake aiko mani, na ruwa ne?"

Na ce wasu daga ciki.

"Da ka hwaɗa mani, da na sha kunu na kwana. Na sha shi shekaru kahin a haihe ka."

Ja goma na Baba Illo ba za su yi mini zafin wannan maganar ba.

Shi kuwa dattijon ya tattara kararensa, ya miƙe, ya miƙa hannu wajen kazar. Lawali ya ce ai ba a yi ɗori ba. Ya ce, "Na taho ko ban taho ba? Ni ba ni ɗorin aljihu, amma hanya na biyo." Inna ta miƙa masa. Ina kallo aka fita da kazar Gatawa tana kuka, kuma na san a wuyana take.

Ban je kotu ba. Ba na cewa zuwa kotun laifi ne, Nasiru ya ce akwai wanda ita ce kaɗai mafitarsa, ni dai tawa ba ta kai nan ba. Na je bankin a Sakkwato, na yi zaton za a kira mini 'yan sanda. Wata ma'aikaciya ta saurare ni ba tare da ta ko ɗaga gira ba, da alama ba ni ne na farko ba. Bayan kai da kawowa aka tsayar da abin da za ni riƙa biya duk wata. Katin na sa almakashi na yanka shi, na ba Inna gutsattsarin ta zuba a murhu. Har yanzu ina biya, kuma da ƙafa nake zuwa makaranta. Albashin farko da ya yi saura na saya wa Inna kaza biyu. Ta karɓa, amma sai da ta tambaya, "Da kuɗin wa?"

A Isa kuwa suna ya bi ni. Ɗanjuma in ya hango ni sai ya fara ɗingishi. Iyayen yara su tare ni a hanya da fuskar tausayi, "Malam, ya ƙahwa?" In ce da sauƙi. A gida ma kalmar ta zauna. Inna ba ta taɓa furta bashi a waya, sai dai bayan gaisuwa ta sassauta murya ta ce, "Ya ƙahwar taka?" Ni kuma in gaya mata gaskiya, wata nawa suka rage, ta ce Allah shi ƙara sauƙi.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka faɗi magana mai nauyi a inda sabis ke yankewa, fara da ita, gaisuwar yara ta biyo baya. In kuma karayar arziki kake nufi, faɗi kalmomin duka biyu. Ni na faɗi ɗaya na bar ɗaya, kuma kaza ce ta biya.