Ranar da Na Ɓatar da D a Shagon Kawu

Harafi ɗaya tak na cire, amma saura kaɗan a yi biki a Gyallesu babu katin gayyata.

Ban daɗe da fara koyon rubuta manhaja ba, amma har tafiyata ta canza. Rannan na ari kwamfutar Kawu Sani a shagonsa na buga takardu da ke Tudun Wada, zan haɗa wani ɗan wasan kwamfuta da na rubuta. A cikin makefile, fayil ɗin da ke nuna inda kayan haɗin suke, na rubuta cewa suna ma'ajiyar kwamfutar da ake kira D:. Na danna, manhajar haɗawa ta ƙi, wai ba ta gane wannan D mai ɗigo biyu ba.

Na ce tunda D ne fitinar, a kawar da shi. Na shiga saiti na cire wa ma'ajiyar harafinta, ina yi ina 'yar waƙata.

Sai ga wata Hajiya daga Gyallesu ta zo a buga mata katin auren ɗanta. Kawu ya duba, babu D, inda yake ajiye duk ayyukan mutane, don haka babu kati, babu aikin kowa.

"Kai, ɗan nan! Ina ka kai min D?"

"Kawu, hutawa yake yi."

Hajiya ta zauna tana salati. Madam Ngozi mai gyaran kwamfuta ce ta zo ta mayar da harafin, komai ya dawo. Ashe /d/ kawai zan rubuta a makefile ɗin a maimakon D:.

Har yau in na doso layin sai wani ya ɗaga murya: "A ɓoye D, ga Injiniya nan!"