Ɗanliti Mai Farautar Giwaye

Duk garin Bowie, can ƙasar waje, babu wanda Allah ya yi wa baiwar sanin darajar mutane kamar Malam Ɗanliti. Shi ya faɗa, kuma wa ya fi shi sani? Sana'arsa samo wa kamfanoni manyan ma'aikata ta LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki. A shafinsa muƙamansa sun kai layi huɗu, hotonsa kuwa a gaban wani bene ya ɗauka, wanda bai taɓa shiga ba. Mutanen masallaci suka laƙaba masa Mai Farautar Giwaye, shi kuma ya ɗauka sarauta ce.

Ranar Juma'a, kafin mutum ya gama sa takalmi, ya riga ya auna shi. "Ni da kallo ɗaya nake gane darakta," in ji shi. "Ƙananan ma'aikata ba layina ba ne. Ni giwa nake harbi."

A shekarar 2013 wani kamfanin 'yan kwangila a Alexandria, wani gari da ke kusa da su, ya ba shi mako shida ya samo shugaban sashen tsaron kwamfuta, in ya kasa su sallame shi. Gwanin ya zauna a teburin cin abinci, ya rubuta wasiƙa ɗaya mai cike da kirarin kansa, ya aika wa mutum ɗari huɗu. Karanta shafinsu? Wannan aikin masu koyo ne.

Mako biyar shiru. Fankam fankam dai ba shi ne kilishi ba. Matarsa Rumasa'u, wadda in an tambaye shi aikinta yakan ce "ɗan taɓe-taɓen kwamfuta ne," ta yi ta ƙoƙarin yi masa magana. Shi kuwa ido na kan allo, sai "to, to" yake yi.

Ana saura kwana uku, kamfanin ya aiko da saƙo: sun gode, wani mai suna Gregory ya samo musu ƙwararriya, R. Tukur, shekara goma sha biyar a fagen. Ɗanliti ya buga tebur.

"Waccece wannan? Duk yankin nan babu giwar da ban sani ba!"

Rumasa'u ta ajiye masa kofin shayi. "Baban Umaima, sunan mahaifina fa Tukur. Sau uku ina gaya maka an neme ni. Har wasiƙarka na samu, ka kira ni Yallaɓai."

Da wani ne, da sai ya nemi ƙasa ta tsage. Ban da namu. Kafin shayin ya huce ya wallafa a shafinsa cewa yana alfahari da wannan baiwar Allah da ya daɗe yana horarwa a ɓoye. Sannan ya aika mata buƙatar ƙulla alaƙa a LinkedIn, don duniya ta shaida.

Gida ɗaya suke kwana, tukunya ɗaya suke ci, amma har yau ba ta amsa ba. Ta ce a wajen aiki ba ta karɓar wanda bai san ta ba.