Kamu Ɗaya

"Lafiya lau, sai gajiyar yi wa raggo bauta," in ji Harouna, yana kwance etajer, wato kantar katako mai hawa-hawa, daga bayan babur a ƙofar gidanmu na Bobiel.

"Bawa ba ya gajiya," maigidana ya ce. "Shigo da shi, kar ka goge mini bango."

Harouna tela ne a Boukoki, ɗan gwaggon maigidana, wato taubashinsa. In suka haɗu sai dai ka toshe kunne. Ni kuwa ranar ba wasa a raina. Tun bara maigidan nawa, Baban Huda, ya ƙwace mini tebur ya jibga kayan kiɗansa a kai: amfili mai ƙara sauti, abin kaset, manyan lasifika biyu, ga wayoyi a cukurkuɗe kamar taliya. Kulolina da farantaina suna zube a ƙasa, Huda tana yi musu ganga. Ga shi da la'asar mata za su zo foyandi, taron da muke yi gida-gida, kuma zagaye ya zo kaina. Na rantse masa in kayana ba su tashi daga ƙasa kafin azahar ba, nasa a magaza, ɗakin ajiya, za su kwana, inda ɓeraye ba sa barin ko igiya.

Maimakon ya je wajen kafinta kamar kowa a yi wa kayan kiɗan etajer, sai ya sayi katako ya kai wa tela, wai Harouna ya ce wanda ya iya haɗa babbar riga ba abin da zai gagare shi.

Gaskiya abin ya yi kyau a ido, an goge, an sha fenti. Baban Huda ya ɗauko amfili kamar jariri, ya tura. Ya ƙi shiga. Ya karkata shi, ya ƙi. Abin kaset ma ya ƙi.

"Kai, me na ce maka a waya?"

"Faɗi kamu ɗaya. Kamu ɗaya na yi."

"Da hannun wa?"

"Da na wa zan yi? Na maƙwabci zan aro?"

Ashe maigidana da hannunsa ya auna, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, shi ko dogo ne, sai ya tura kujerar taksinsa baya ƙarshe yake tuƙi. Harouna kuma da ƙyar ƙafarsa ke taɓa fedar keken ɗinki. Haushi ya kama ni har wuya. Manyan mutane biyu, ba wanda ya tuna da metir ɗin awo.

"Tela guda, ka auna mini da wannan guntun abin? Hannun da sai ka sunkuya yake kai loma baki?"

"Kai fa, da ka auna da gorar tsinko mangwaro? Mutum ya ce kamu, ashe hanyar Dosso yake nufi."

"Gwaggo ta yi asarar goyo."

"Kawu dai ya yi asarar tuwo. Duk a ƙafa ya tafi, kai bai samu ba."

Baban Huda ya ce a mayar masa da katakonsa yadda ya ba da shi. Harouna ya ce sam, etajer ba shi da laifi, amfilin ne ya yi teɓa, a kawo ya rage masa ƙugu yadda yake rage wa wando. Suna cikin haka aka kira azahar.

Na sunkuci amfilin na nufi magaza. Sai na ji falon ya yi tsit. Da na waiga, maigidana yana tsaye hannu a sake. Mutumin nan ɗaya-ɗaya ya tara kayan, in ya dawo daga ganiyar rana su kaɗai ke sanyaya masa rai. Tausayinsa ya kama ni, amma rantsuwa na yi.

Harouna ya dube shi, ya daina dariya. Ya tsuguna ya ɗauki babbar kulata ya zura a hawan ƙasa. Ta zauna ɗas. Ya jera ƙananan a sama, farantai a samansu, ko ɗaya bai rage a ƙasa ba.

"Wa ya ce maka naka na yi?" ya ce. "Na matata Latifa ne. Kai ina ka kai a yi maka etajer? Latifa, me kika rantse a kai?"

Na duba ƙasa, fes.

Baban Huda ya karɓe amfilin daga hannuna, ya rungume shi, sannan ya fashe da dariya har da hawaye. Ya cire hularsa sabuwa ya kifa wa Harouna, ta rufe masa ido.

"Na 'yanta ka, gajere. Yau kaɗai."

Matan foyandi sun yi ta yaba etajer ɗin, har ɗayarsu, Rukayya, ta ce a haɗa ta da kafintan. Teburina kuwa har yau ban sake ganin samansa ba.