A Dawo Mana da Butar Shayinmu Kafin Juma'a

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Walwalar Ma'aikata,
Babbar Hedikwatar Kamfani,
Can Ƙetaren Teku, Amurka.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ƙaton kofin takardar nan da kake riƙe da shi a hoton da aka liƙa mana a bango, ina neman izinin gabatar da kaina. Sunana Doreen Hepworth. Ina aiki a ofishin fitar da kaya na masana'antar biskit ɗin nan ta Yorkshire da kuka saya bara. Na kama aiki a nan tun ba a haifi manajan da kuka turo mana ba, kuma ban taɓa kai ƙarar kowa ba. Mu a nan idan an ɓata mana rai, "ba komai" muke cewa, mu koma gida mu yi shekara muna cin rai. Sai da tura ta kai bango na ɗauki biro.

Maganar butar shayinmu ta lantarki ce. Kun sa an ɗauke ta daga kusurwar ofis, an girke mana na'urar gahawa mai fitilu ja da shuɗi, wai buta tana cinye lokacin aiki. Ni ba mai ja da manya ba ce. Amma akwai wani mutum a ofishin nan, Clifford Naylor, wanda teburinsa yake kallon nawa tun gashinmu yana baƙi. Ranar Juma'a zai yi ritaya, ya koma Scotland wajen 'yarsa. Ba ma magana da juna. Idan butar nan ba ta dawo ba, haka zai tafi, kuma a shekarunmu ba a cewa sai wani jiƙon.

Ga abin da ya haɗa mu. A walimar Kirsimeti Clifford ya sha ya wuce kima, ya ce a gaban kowa wai kabewar da marigayi mijina Arnold ya ci gasar gari da ita, a kasuwa ya sayo ta. Arnold ɗin da yake cire rigarsa ya lulluɓe kabewar nan idan sanyi ya sauko! "To, madalla," kawai na ce, duk wanda yake wurin kuwa ya san an ɓata.

Na ji an ce a wajenku mai laifi yana zuwa ne ya buɗe baki ya ce a yafe masa, har da hawaye. Mu ba a yi mana wannan tarbiyya ba. A nan mai laifi tashi yake bai ce uffan ba, ya ɗora buta, ya haɗa maka shayi yadda ya san kana sha, ya ajiye a gefen hannunka yana kallon taga. Kai kuma ka kurɓa ka ce, "Ya yi." An kashe magana ke nan. Na san Clifford, sai ya yi makonni kafin ya tattaro ƙarfin hali. Ranar da ya miƙe ya nufi kusurwar, sai ya tarar da na'urarku tana ƙyafta masa fitila. Ya daɗe a tsaye a wurin, sannan ya dawo ya zauna.

Saboda haka, cikin ladabi, ga kukana.

Na ɗaya. Na'urar nan tana da gahawa kala-kala masu sunaye irin na 'yan wasan ƙwallon Italiya, sai wani ɗan maɓalli can ƙasa da aka rubuta wa shayi. Idan ka danna, ruwa ne yake fitowa daidai na wankan jariri. Ranka ya daɗe, shin ba wanda ya taɓa gaya muku cewa ganyen shayi ba ya sakin jiki sai a tafasasshen ruwa? A makaranta an koya mana cewa kakanninku sun taɓa juye jiragen ruwa cike da shayi a teku. Mun ɗauka fushi ne ya sa su. Sai yanzu muka gane cewa haka suka zaci ana haɗa shi.

Na biyu. Manajanmu Cody yaron kirki ne, haƙoransa farare tas, kuma ya hana a kira shi da komai sai Cody. Amma ban taɓa ganinsa a zaune yana shan abu ba. Da gudu yake shan gahawarsa, ta wata 'yar huda a murfin kofi, kamar mai ɗura wa mota mai. Yanzu samarin ofis sun fara kwaikwayonsa. Kowa ya je ya danna nasa ya dawo shi kaɗai. Da can duk wanda ya miƙe sai ya ce, "Wa zai sha?" kuma kafin ruwa ya tafasa an ji wa aka yi wa haihuwa, wa ƙafa take damunsa. Mijin Pauline, abokiyar aikinmu, har aka yi masa aiki a gwiwa aka sallame shi ba wanda ya sani. Sannan ka gafarce ni, biskit muke yi a gidan nan, irin wanda ake tsomawa a shayi. Ta wace kafa za a zura shi a wannan murfin? An ce ana so a rage ɓata lokaci, ga shi yanzu rabin yini ana layi ana jiran mai gyaran na'ura. Tsugunne ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Na uku. Da Cody ya lura ni da Clifford ba ma ga maciji, sai ya kira mu ɗakin taro, ya jera kujeru a da'ira, ya ajiye kwalin takardar share hawaye a tsakiya.

"Jama'a, mu dangi ɗaya ne a nan," in ji shi. "Clifford, abokina, dubi Doreen cikin ido ka faɗa mata abin da ke zuciyarka."

Clifford ya dubi takalminsa har na ɗauka wani abu aka rubuta a kai. Can ya ce, "Da alama za a yi ruwa anjima."

Na ce, "Haka suka ce a rediyo."

Cody ya tafa. "Kun gani? An fara! To yanzu ku tashi ku rungumi juna."

"Ɗan nan," in ji Clifford, "matata ma da take matata, ban taɓa rungumar ta da rana tsaka ba."

Ina tambaya, ranka ya daɗe, a wace doka aka halatta a tsare dattijo a ɗaki a tambaye shi abin da ke zuciyarsa? Ko 'yan sandanmu ba sa haka.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi yi mini ciwo. Pauline ta ja Cody gefe ta yi masa bayanin al'adarmu. Ina jin muryarsa daga teburina, don ba ya iya raɗa.

"Shayi kawai? Haba, ai da kun faɗa tun tuni! Minti ɗaya ya ishe mu."

Ya ja Clifford zuwa kicin. Ya tari ruwan famfo a kofina, ya zuba madara, ya jefa ganyen shayi, duka a lokaci guda, ya tura cikin akwatin ɗumama abinci, wanda a ranar wani ya ɗumama kifi a ciki. Clifford ya san ba daidai ba ne. Ɗan Yorkshire ne, uwarsa ta yi masa tarbiyya. Amma lokaci yana ƙure masa, sai ya karɓa. Ya zo ya ajiye a gefen hannuna yana kallon taga. Allah ya sani na ɗaga kofin nan da niyyar cewa ya yi, ko da guba ce a ciki. Na kurɓa. Maƙogwarona ya ƙi, na sarƙe, na fesar da shi a kan tebur.

Clifford ya ɗauki kofin a hankali. Ya ce, "Na gane, Doreen. Ba komai."

Bai gane ba. Ya ɗauka tubansa na ƙi karɓa. Tun ranar ko gaisuwar kai ba ya iya yi mini, ya tattara hotunan jikokinsa a kwali tun kafin lokaci. Na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka binne Arnold, ni da ko a jana'izar wasu ba a san ni da sharɓar kuka ba. Wannan aikin na'urorinku ne, kuma ina so a rubuta shi a cikin rahoton walwalar ma'aikata na bana.

Na san za ka ce me ya hana ni zuwa in gaya masa da bakina. Ka yi haƙuri, wannan tambayar Ba'amurke ce. Za ka kuma ce to ni in haɗa masa shayin mana a gida in kawo. Wanda ya haɗa shayi shi ne mai laifi, ranka ya daɗe, kuma kabewar Arnold ba sayo ta aka yi ba. Wasiƙar nan ma, da na aika wa jaridar gari kwafinta, ba za ta kai gare shi ba, don daga shafin wasanni yake fara karatu, a nan kuma yake ƙarewa.

Na biyar. An ce mana a walimar ban kwanan Clifford za a raba shayi mai ƙanƙara da lemun tsami. Mutumin da ya ba kamfanin nan ƙuruciyarsa. A kan wannan ba ni da abin cewa.

Na shida. Da Pauline ta tambaya ko za mu iya haɗa kai mu sayi wata butar da kanmu, sai ofishinka mai albarka ya turo sanarwa cewa duk ma'aikacin da ya jona kayan lantarkin da hedikwata ba ta amince da su ba, a bakin aikinsa. Muna godiya da wannan kulawa. Butar da kuka ɗauke ta ga manajoji da yawa sun zo sun wuce, ba ta taɓa ƙona kowa ba, amma ku da kuke can ƙetaren teku kun fi mu sanin haɗarin da muke ciki.

Ranka ya daɗe, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba mu ce ku daina shan gahawarku ba. Ku sha da gudu, ku sha a mota, ku sha a bokiti idan kofin ya yi muku kaɗan. Abin da nake roƙo shi ne butar nan ta dawo kusurwarta kafin yammacin Alhamis, don ba a fafe gora ranar tafiya, Clifford kuma ba mai saurin yunƙurawa ba ne.

Idan kuwa ayyuka sun yi maka yawa ba ka samu dubawa ba, to ina sanar da kai cikin girmamawa cewa ranar Juma'a da safe zan zo da butar gidana a jakar cefane. Zan cika ta da ruwa, in jona ta a soket ɗin da ke ƙarƙashin teburin Clifford, in ajiye kofina a kusa, in koma in zauna. Na karanta sanarwarku, na kuma fahimce ta sarai. Ku buga takardar korata, ba zan yi gardama ba. Alfarma ɗaya kawai nake nema: a gaya wa Cody kada ya miƙo mini ita sai ruwan ya tafasa.

Taka mai biyayya a kullum, ban da Juma'ar nan,

Doreen Hepworth,
Ofishin Fitar da Kaya.